Yadda Aka Raba Yaya Kashi Uku

Da na sauka gidan Yayana a waccan shekarar, na tarar an raba shi kashi uku. Hancinsa na Injiniya ne, babban ɗansa. Idonsa na Malama ne, 'yarsa ta tsakiya da ke koyarwa a sakandare. Ƙafafunsa kuwa, da yake su ne a ƙasa, sai suka faɗa wa Auta.

Ba da mugunta suka yi ba, wannan zan shaide su a gaban kowa. Tun da uwarsu ta rasu suke a tsorace, ko tari uban ya yi sai an buga waya. Kowannensu yana da aiki da iyali, don haka da cututtuka suka taso wa tsohon ɗaya bayan ɗaya, sai suka zauna suka raba lalurar don kada nauyi ya danne mutum ɗaya. Injiniya ya samo likitan hanci a wani asibitin kuɗi. Malama tana kai shi sashen ido na babban asibiti. Auta yana da abokin da ya san wani likitan fata. A bayan ƙofar ɗakin Yaya an kafa ƙusa uku, kowace da ledar magani a rataye, kuma ba mai taɓa ledar wani. Har alfahari suke yi da tsarin. Ni ma da aka bayyana mini shi a ranar farko sai da na sa musu albarka.

Yaya mai gyaran agogo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, in ya miƙa hannu biyu zai taɓa bangon nan da wancan. Tun ina 'yar yarinya nake ganinsa a sunkuye, da ɗan gilashin nan mai kamar murfin kwalba maƙale a idon dama, yana ɗaukar noti da hantsaki, notin da ni ko a tafin hannu aka ɗora mini ba zan gani ba. Idonsa na hagu tun haihuwa rago ne, yana dai ganin hanya da fuskar mutum, amma ƙaramin abu ba ruwansa da shi. Da idon daman nan ya aurar da ni, da shi ya yi wa yaran nan uku karatu. Kuma shi ne na tarar ya kaɗa ya yi jajir, har ya ɗan turo waje kaɗan, kamar mai mamakin wani abu da sauranmu ba mu gani ba.

Sauran abin ma ba daɗin gani. Muryarsa ta koma ta hanci, numfashi sai ta baki. Kullum da safe sai ya daɗe a bayan gida yana fyato busasshen jini. Ga safa, shi da ya tsani safa duk rayuwarsa, yanzu ko zafi ake kamar me ba ya cire ta. Da na kwashe wanki na ga abin da ke jikin safar, sai da na zauna.

Na same shi da maganar. Ya dube ni da idon hagu ya ce, "Rediyo, kin fara."

Sunan da ya sa mini ke nan tun muna yara, wai ba na kashewa. Ban taɓa musu ba. A gidanmu Allah ya raba magana bai raba daidai ba, ya ba ni tawa ya haɗa mini da ta Yaya. Yaya mutum ne da zai wuni bai yi jimla goma ba, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne mai kawo gyara ya tsaya yana masa bayani. Ya sha faɗa mini cewa wanda ya kawo agogo ya ce ya tsaya, ya gama nasa, saura na mai gyara ne. Wanda ya ƙara da cewa ai ya faɗi a ruwa, ai batir ne, ai kaza ne, a wurin Yaya raini ne, koya wa gwani aikinsa ne. Shekara da shekaru ina jin wannan magana ina dariya, ban taɓa tunanin zai ɗauke ta ya shiga da ita asibiti ba.

Ranar hutu da yaran suka haɗu a gidan, na tayar da zancen a gabansu. Injiniya ya ce hanci kam a bar masa, an riga an yi aiki an wanke kogon da ke bayan hancin, ana kuma shan magani mai ƙarfi, sai dai abin yana da naci. Malama ta ce jan ido ne mai taurin kai, an canza maganin ɗigawa, a ba shi lokaci. Auta ya ce gyambon tsufa ne, an auna suga babu, ana shafa mai.

Na ce, "To ku ba ku ga abin ya yi yawa ba? Mutum ɗaya, ciwo uku, ba wanda ke jin magani? Ruwa fa ba ya tsami banza."

Injiniya ya yi murmushin nan na yaran da suka yi karatu, ya ce, "Goggo, kowanne ƙwararre ne ke dubawa. Ki kwantar da hankalinki."

Na bar maganar, abin da ba kasafai nake yi ba. Gaskiya ni ma ban san komai ba. Ban ce ciwon ɗaya ne ba, don ban san ɗaya ne ba. Kawai raina ne bai kwanta ba, kuma rai ba hujja ba ne a gaban injiniya.

Bayan 'yan kwanaki na kai masa abincin rana shago. Na same shi da wani agogon hannu a buɗe a gabansa. Ya sa gilashin a ido, ya cire, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sake cirewa ya huro masa iska ya goge. Sannan ya miƙo mini ya ce in duba masa ko gilashin ya tsage. Na kara a idona, na ga cikin agogon tarwai, har wani ɗan jan dutse na ƙyalli a tsakiya.

Na ce, "Lafiyarsa lau, Yaya. Ga ma wani abu ja yana ƙyalli."

Ya ce, "Ja?"

Ya karɓa ya sake dubawa, ya daɗe. Sai ya rufe bayan agogon a hankali ya sa a aljihun tebur. Ya ce ba ya jin yunwa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Yayana ba sai ranar, kuma ni ma tsoron ya kama ni. Muka zauna a lungun nan, mutane na hawa da sauka a matakalar da ke kanmu.

Ranar komawa asibitin ido ta faɗo a kan jarrabawar ɗalibai, Malama ba ta da halin fita. Ta rasa yadda za ta yi, ta ce in raka shi. Ta ciro ledarta daga ƙusa ta damƙa mini kamar mai ba da amanar jariri.

Ta ce, "Goggo, don Allah ido kawai. Likitar nan mutane sun yi mata yawa, ba ta son dogon bayani. Abin da ta tambaya shi za a amsa."

Na ce to.

Mun daɗe a kan benci kafin a kira mu. Ɗakin duhu ne, labule a sake, ga wata na'ura da ake ɗora haɓa a kanta. Likitar ba ta wuce sa'ar Malama ba, siririya, gajiya ta bayyana a fuskarta. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, ya idon?"

Ya ce, "Da sauƙi."

To nan ne haƙurina ya ƙare. Da sauƙi! Mutumin da ya rufe agogon mutane ya kasa cin abinci. Na manta da Malama da gargaɗinta, baki ya ɓalle. Na ce wane sauƙi, likita, mutumin da ja ma ya daina gani, mutumin da ciwon kai ke sa shi riƙe goshi kamar zai cire, ga hanci kullum jini, rigar filo ba ta kwana biyu sai an wanke, an yi masa aiki a hancin ma bai yi ba, abinci ba ya jin ƙanshinsa, ya rame wando na faɗuwa, ga safa kullum a jiƙe da ruwan gyambo, ni da nake wankin ni na sani, amma in an tambaye shi sai ya ce da sauƙi, tun muna yara haka yake, ƙaya ta taɓa karyewa a ƙafarsa ya yi mako bai faɗa ba.

Yaya ya ce, a hankali, cikin jin kunya, "Rediyo, likitar ido ce."

Amma likitar ta riga ta ajiye biro. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Mama, wane aiki aka yi masa a hanci? Yaushe?"

Na faɗa mata iya abin da na sani.

"Gyambon kuma a ina yake?"

Na nuna ƙafafunsa. Ta tashi ta kunna fitilar ɗakin, ta ce, "Baba, cire mini safar nan."

Ya ce ai wannan akwai mai duba ta, ba ya son ya ɗora mata aikin da ba nata ba. Na ce, "Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ban jira ba, na durƙusa na zare safar da kaina, ta manne sai da na bi a hankali. Miki ne a ƙwaurinsa biyu, masu zurfi, gefensu ya yi shuɗi-shuɗi kamar an zagaye da tawada. Likitar ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ƙaramar tocila ta leƙa hancinsa. Ta tambaye shi fitsari, ko yana kumfa, ko launinsa ya canza. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗan canza. Sannan ta mayar da shi kan na'urar, ta duba idon fiye da yadda na taɓa ganin an duba ido, ta nuna masa wani jan murfi ta ce ya rufe hagu ya faɗi launinsa. Ya ce toka-toka.

Ta koma ta zauna. Muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, duk zuwan da ka yi ina tambaya ko akwai wani abu da ke damunka bayan ido."

Ya ce, "Kin tambaya, 'yata. Yarinyar da ke kawo ni ta ce babu, ita ma iya nata ta sani. Ni kuma na ga ke likitar ido ce. Ba a kai wa mai gyaran agogo takalmi."

Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce yau ba zai koma gida ba.

Kafin la'asar an ba shi gado. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka tura shi cikin na'urar ɗaukar hoton kai, washegari aka yanko ɗan nama daga cikin hancin aka kai gwaji. Yaran suka iso ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya ba ni tausayi, Injiniya da Auta kowa ya biya gida ya ɗauko ledarsa. Nas ta karɓa ta juye duka a faranti ɗaya, suka tsaya suna kallon magungunan a cakuɗe kamar an yi saɓo.

Wani babban likita mai furfura, wanda aka ce shi ke duba irin waɗannan cututtuka, shi ya tara mu ya yi bayani, likitar idon tana tsaye a gefensa. Ya faɗi sunan ciwon, mai tsawo ne, har yau bakina bai iya shi ba. Amma bayanin na riƙe. Ya ce ciwo ɗaya ne, ba uku ba. Garkuwar jiki da aka halitta don ta yaƙi cuta ita ce ta juya tana cin ƙananan jijiyoyin jini, ta fara da hanci, ta sauka fata, ta taɓa ƙoda. Kumburin da ke kogon hanci ya ratsa ya shiga bayan idon dama, shi ne ya turo idon waje, yana kuma danne jijiyar gani. Ya ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yana yaudarar likita, don in ka ga hancin kaɗai za ka rantse ciwon hanci ne na kowa da kowa. Ya ce ana iya kwantar da shi.

Malama ta ce, "Idon fa?"

Ya ce za a yi iya ƙoƙari, amma jijiyar gani ba ta son a daɗe ana danne ta.

A ranar aka fara. Magani mai ƙarfi ta ƙarin ruwa, kwana da kwanaki, sannan wani da ke kwantar da garkuwar jikin. Na ga abin mamaki da idona. Ciwon kan da ya yi watanni ya sake shi. Jinin hanci ya tsaya. Mikin da ya ƙi jin kowane irin mai ya fara haɗewa daga gefe. Wata safiya ya ce wa Auta ya fitar da lemon da ke kan durowa, ƙanshinsa ya dame shi, sai muka dubi juna, don rabon da ya ji ƙanshin wani abu har mun manta. Ƙodar ma aka ce an tare ta da wuri. Jan idon ya washe, idon ya koma mazauninsa. Wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce kai, Baba ya warke.

Shi kuwa kullum da safe, in ya ɗauka ba mai kallonsa, sai ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu ya juya wajen taga. Ya ɗan jima, ya sauke hannun. Ina gani, ban taɓa tambayarsa ba. Yaran kuma suka daina rabo. Duk wata ganin likita su ukun ne ke zuwa, su cika ɗaki, kowa na tsoron a faɗi wani abu ba ya nan. Malama ta fi kowa shiga damuwa. Ta rame fiye da mara lafiyan, ba ta iya haɗa ido da shi.

Bayan an sallame shi da wasu makonni muka koma ɗakin nan mai duhu don gwajin da likitar ta ce shi zai nuna inda aka tsaya. Ta rufe masa hagu. Ta nuna allon haruffa, bai ga allon ba. Ta ɗaga yatsu a gaban fuskarsa, bai gani ba. Ta kaɗa hannu, ya ce kamar wani abu ya gifta. Da ta haska tocila ya ce, "Wannan na gani." Iyakar abin da ya rage ke nan.

Sai Yaya ya gyara zama, ya ce wa Injiniya ya je ya matso da mota bakin ƙofa, ƙafarsa ba ta son tafiya. Ya ce wa Auta ya je ya kama layin karɓar magani. Ya ce wa Malama ta samo masa ruwa, ba mai sanyi ba. Suka fita. Ni bai aike ni ba, ya san ba zan tafi ba.

Ya ce, "'Yata, ba zai dawo ba ko?"

Ta ce, "Ba zai dawo ba, Baba. Na hagun za mu tsare shi, zai kai ka duk inda kake so."

"Ban da cikin agogo."

Ta ce, "Ban da cikin agogo."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi hannayensa a kan cinya, yatsun nan da ba su taɓa rawa ba. Sannan ya yi tambayar da na san don ita ya kori yaran.

"Ranar da na fara zuwa nan, da na cire miki safar, da yanzu ina gani?"

Na so ta yi masa ƙarya. Wallahi na so, har ina mata alama da ido. Amma ta dube shi kai tsaye ta ce, "Ba zan iya rantsuwa ba. Amma ina jin da kana gani. Ni ma ya kamata a ce na sa ka cire ba tare da na tsaya tambaya ba."

Ya ce, "Kin tambaya. Ni ne ban amsa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Roƙo ɗaya zan yi. Yaran nan kada su ji wannan. Musamman yarinyar, ita ta riƙa kawo ni. In ta ji, ba za ta ƙara samun sukuni ba, kuma ido ɗaya ya isa asara a gida ɗaya."

Likitar ta ce maganarsa ce, ba za ta faɗa wa kowa ba sai da izininsa. Sai ya juyo gare ni, sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya same ni da idon hagu. Na ce, "Na ji, Yaya."

Na riga shi fita don in nemo keken tura marasa lafiya. A barandar na ci karo da Malama, ta dawo da gorar ruwa a hannu, ta tsaya nesa da ƙofar ta kasa shiga. Ta kama hannuna, nata ya yi sanyi.

Ta ce, "Goggo, ke ba kya ɓoye magana. Ki faɗa mini gaskiya. Da na kawo shi da bayani tun farko, da an ceci idon?"

Ta bayan kafaɗarta ina hango Yaya ya fito bakin ƙofa, yana lalubar gefenta da hannun dama.

Na ce, "Na tambaye ta da bakina. Ta ce irin wannan ciwon ko ranar farko aka gane shi, idon tafiya yake yi."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai ta kifa kanta a kafaɗata ta fashe da kuka, kukan wanda aka sauke wa kaya. Na riƙe ta ina buga bayanta. Yaya ya iso inda muke, ya karɓi gorar daga hannunta, ya buɗe ya sha, ya ce ruwan ya yi daidai.